Malam Sama'ila da Rumbun da Na Leƙa

Bazarar nan da muke ciki ta cika shekara bakwai cif da rasuwar Malam Sama'ila, abokina tun muna cin ƙasa, malamin Hausa a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Minjibir. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne, amma har yau in na zauna rubutu jimla ta fara yi mini tsawo, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana gyaran murya. Duk shekara nakan ce zan yi rubutu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa, domin na san ba zan iya yabonsa tsakani da Allah ba sai na tona wa kaina asiri. Bana dai na daure. Dattijon da zan ambata a nan ya riga mu gidan gaskiya, na sauya masa suna, kuma sai da na karanta wa babban ɗansa wannan rubutu ya amince kafin na aiko da shi.

Waɗanda suka san Malam Sama'ila sun san shi ne da bitar rubutu ta kwana uku da yake shiryawa duk shekara a hutun makaranta, kafin ruwan shuka ya sauka, lokacin da manomi yake da ɗan sararin zama. Ba a raba takardar shaida, ba a yin jawabin babban baƙo. Kowa zai zo da tabarmarsa da ɗan gero ko dawa da za a zuba a tukunya ɗaya. Mutane kan zo daga Kunci, daga Dawakin Tofa, wasu ma su hau mota tun daga Kano. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda yake cakuɗa kowa a benci ɗaya: wanda ya buga littafi goma da wanda bai taɓa rubuta ko wasiƙa ba, duk ɗalibai ne a wurinsa.

Tsarinsa bai taɓa sauyawa ba. Ranar farko ba a taɓa biro. Zai haɗa ka da wani mai sana'a a cikin gari, maƙeri ko mai daddawa ko mai saƙar zana, ka wuni tare da shi, ka kama masa aiki, ka rufe bakinka ka buɗe kunnenka. Rana ta biyu ka rubuta shafi ɗaya tak. In ka kawo shafi ɗaya da rabi, zai ninke rabin ya miƙo maka ya ce ka ajiye wa jikokinka. Rana ta uku bayan La'asar a taru a harabar makaranta, mutanen gari su zo, kowa ya karanta shafinsa a gaban mutumin da ya rubuta a kansa. Yakan ce marubucin da bai iya zama ya yi shiru ba, ƙarya zai yi ta zubawa har ya tsufa.

Shekarar da na fara zuwa, shekara biyar ke nan kafin rasuwarsa, ina da littattafai shida a kasuwa, ga wasannin kwaikwayo da nake rubuta wa rediyo. Na zo ne da babbar riga da shirin a ce mini bismillah, ga marubuci, a yi wa na baya nasiha. Ina isa Sama'ila ya nuna mini benci kusa da wata mata, Rabi mai ɗinki, wadda ita da bakinta ta ce ba ta taɓa rubuta komai ba sai awon kafaɗa da tsawon zane. Na harare shi, ya yi kamar bai gani ba. Wallahi da ba don kunyar idon jama'a ba, da a ranar na koma tasha. An ce girman kai rawanin tsiya ne, to nawa rawanin a lokacin har ƙasa yake ja.

Ya haɗa ni da Baba Tanko, maƙwabcinmu, gwanin jinka. Duk rumbun da ka gani a ƙauyen nan jinkarsa ta zauna daram ba ta yoyo, aikin hannunsa ne. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, ba ka shiga zaurensa ka fito ba ka sha fura ba, kuma in ana sulhu tsakanin mutum biyu shi ake kira. Na same shi yana shirin sauya jinkar rumbun gidansa. Muka wuni muna jiƙa igiya, muna jera ciyawa, yana ba ni labarin yadda ake gane ciyawar da za ta kai damina uku da wadda gara za ta cinye kafin kaka. Da aka zo ɗaure sabuwar jinka, sai ya ce gwiwarsa ta hana shi hawa, in taka tsani in ja masa igiya.

Ina hawa idona ya faɗa cikin rumbun. 'Yan dammunan gero ne a can ƙasa, har kana ganin daɓen. Ga shi ko shuka ba a yi ba, balle a yi zancen sabon gero, ga gida cike da baki. Na ɗago muka haɗa ido. Ya san na gani, na san ya sani. Sai ya ci gaba da zancen ciyawa daga inda ya tsaya, yana murmushi, har ya aika aka kawo mini fura.

Kashegari rubutu ya zo mini kamar an buɗe famfo. Na zana hannuwansa, na zana murmushin nan, sannan na kawo rumbun da kusan ba komai a ciki, da furar da aka ba baƙo daga ɗan abin da ya rage. Ni kaina na san a littattafaina shida babu shafi mai kyan wannan. Bayan Azahar Sama'ila ya karɓa ya karanta. Can ya ɗora yatsa a kan sakin layi na uku ya ce, "Habu, cire wannan."

Na hau shi da gardama. Na ce ai shi ne yake koya mana mu rubuta abin da ido ya gani, yanzu kuma don gaskiya ta yi ɗaci sai a ɓoye? Na ce in an cire wannan wurin, me ya rage, darasin saƙa ciyawa? Ya ce da ni ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Rabi ma da ke gefe ta sa baki a hankali, ta ce Malam Habu ai ko matar gida ba ta faɗar abin da ke cikin rumbun mijinta. Na ce mata ta ji da nata shafin tukuna. Abin takaicin shi ne ba wai ban sani ba ne. A garin nan aka yanke mini cibi, na sha duka ina yaro don na leƙa rumbun babanmu. Amma shekara ashirin a birni da yabon masu karatu sun sa na ɗauka duk abin da idona ya gani ya zama nawa. Na ce masa zan duba. Shi kuma ƙa'idarsa ce ba ya sa biro a takardar wani, sai ya miƙo mini abata.

Ban cire ba. Ranar karatu na miƙe a gaban jama'a, Baba Tanko yana zaune a sahun gaba da wankakkiyar rigarsa, na karanta tun daga farko har ƙarshe, har da sassauta murya a wurin da ya kamata. Ina gamawa baƙin da suka zo daga birni suka ɗauki tafi. 'Yan gari kuwa ko tari babu wanda ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Baba Tanko ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya ce Allah ya ƙara basira, ya sa takalmansa ya tafi. A nan ne na gane ɓarnar da na yi, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da ya biyo baya ya fi karatun ciwo. Kafin Magariba ƙore sun fara shiga gidansa, wannan ta aiko da gero, wancan ya aiko da dawa, kowa da kyakkyawar niyya. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya da godiya, ya ce su kai wa mabukata. Mutumin da shekara da shekaru shi ne mai bayarwa, na mayar da shi abin tausayi da shafi ɗaya. Ya daina zama a gindin darbejiyar da dattawa ke taruwa. A masallaci ya koma sahun baya, ana sallamewa ya fice. Dattawan gari suka je wurin mai unguwa suka ce wannan bita ta isa haka, ba za a riƙa kwaso musu masu leƙen rumbu ba. Har yau akwai tsofaffin da in sun ganni da jaka sukan ce a rufe rumbuna, ga marubuci nan.

Na zaci Sama'ila zai wanke ni tas, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ko "ai na faɗa maka" bai ce ba. A gaban mai unguwa ya ce laifin nasa ne, shi ya tura ni gidan, shi ya ga takardar, shi ya bari aka karanta. Ya hana ni komawa Kano, ya ce wanda ya ɓata rawarsa da tsalle ba ya barin fage sai ya gyara. Sau biyu muna zuwa zauren Baba Tanko ana ce mana ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. A na uku ya fito.

Ni na shirya doguwar ban haƙuri, amma Sama'ila ya taka mini ƙafa. Bai ko ambaci abin da ya faru ba. Bayan gaisuwa sai ya ce ajin makaranta ya yi wa masu bita zafi, kwano ne, rana na dukansa, yana so a kafa rumfa babba a ƙofar gidansa, kuma duk ƙasar nan bai ga wanda zai ba wannan aiki ba sai Baba. Ladan aiki kuwa, kamar yadda aka saba a ƙauye, da hatsi zai biya. Tsohon ya dube shi. Ya gane sarai, ai ba yaro ba ne. Amma sadaka daban, ladan gumi daban, kuma babu wanda zai ce wa mai sana'a don me ya karɓi haƙƙinsa. Ya ce ya karɓi aikin, da sharaɗi ɗaya: wannan, ya nuna ni da haɓa, shi zai ɗauko ciyawa.

Kwana biyar ina ɗaukar ciyawa a ka daga bakin fadama zuwa ƙofar gidan Sama'ila, ta tsakiyar gari, ni mai littafi shida. Mata na leƙowa ta katanga, abokan wasa na tambayata yau babi na nawa ake ciki. Wuyana ya sage, tafin hannuna ya yi kanta. Baba Tanko ba ya ce mini komai sai miƙo, riƙe, ja. Ran da aka ɗaure ƙarshen rumfar, muna zaune a sabuwar inuwa mu uku, na samu na ce masa ya yafe mini. Ya kurɓi ruwa ya ajiye moɗa, sannan ya ce:

"Abin da ka rubuta gaskiya ne, ko ƙwaya ba ka ƙara ba. Amma ba naka ba ne."

Ya ce ya yafe. Sati bai zagayo ba ya koma gindin darbejiya, dattawa kuma da suka ga mai abin ya haƙura, suka janye maganarsu. Daga shekarar Sama'ila ya ƙara abu ɗaya a tsarinsa: ranar ƙarshe da hantsi, kowa zai koma wurin mutuminsa ya karanta masa shafin su biyu kaɗai. Abin da ya ce a cire, a cire, ko da shi ne ƙashin bayan rubutun. Wani marubuci daga birni ya taɓa cewa wannan ai takura wa adabi ne. Sama'ila ya ce masa in ya koma gida ya rubuta duk abin da ya ga dama a kan mutanen da ya ƙirƙira, amma wanda ya ba ka tabarma da fura yana da haƙƙi a kan bironka.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Na san da ya yi murna da wasu abubuwan, don shi ba mai ƙyamar sabon abu ba ne. Yau yarinya a ƙauye za ta rubuta labari a waya, kafin ta sauke tukunya an karanta shi a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, ba sai ta yi wa mai ɗab'i fadanci ba. Ana yin bitar rubutu a zaurukan waya, malami na gari ɗaya ɗalibai na gari ashirin. Da yana nan da ya shiga duka, da ya ishi mutane da saƙon murya mai tsawon huɗuba, don Sama'ila da yake hana mu wuce shafi ɗaya, shi in ya fara magana sai an kira salla.

Amma akwai abin da na tabbata da ya hana shi sukuni. Yanzu ba sai ka hau tsani ba, kowa da tsaninsa a aljihu. A ba tsohuwa kwanon shinkafa, a ɗauki hotonta tana kuka a watsa wa duniya. A je duba mara lafiya, kafin a fito an sa shi a waya da zanen asibiti. Matasan marubuta da yawa, masu basira ƙwarai, suna kwashe sirrin gidajensu da na maƙwabta suna zubawa a labari, sunan kawai suke sauyawa, kowa a unguwa ya san da wa ake. In ka yi magana su ce ai gaskiya ce. Ba na iya yi musu faɗa da ƙarfi, don bakin da zan yi faɗan da shi, shi ya taɓa faɗin haka.

Bitar dai ba ta mutu ba, alhamdu lillahi. Rabi mai ɗinki ce ke riƙe da ita yanzu, ita da na ce ta ji da shafinta. Ta rubuta littattafai uku, kuma in gaskiya za a bi, na biyun ya fi duk nawa. Ni nakan zo in zauna a benci kamar kowa, in ta ga na fara dogon bayani ta ce Malam Habu, shafi ɗaya. Bara mun samu wani malamin Islamiyya daga Kunci da ya zo yana cewa shi bai iya ƙirƙira ba, aka haɗa shi da mai gyaran keke, ya rubuto shafin da ya sa mai gyaran ya ce a ba shi ya manna a rumfarsa. Irin wannan ne Sama'ila yake so, ya fi masa a ce an ci gasa.

Da na yi niyyar wannan rubutu, na je gida na faɗa wa Inna, mahaifiyata, wadda tsufa ya kama yanzu sai a ɗaki. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma tun da nake ba ta taɓa buɗe baki ta ce in kawo mata wani abu ba. In na kira ta a waya, amsarta ɗaya ce, lafiya lau, komai akwai. Na ce mata zan ba da labarin Malam Sama'ila da rumbun Baba Tanko. Ta ci gaba da jan carbi, har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Rumbun nan da ka leƙa, abin da ba ka gani a ciki ba, mu muka ci."

Ta ce a waccan shekarar muguwar ciyawar nan ƙuduji ta cinye gonarmu, abin da aka girbe bai kai su tsakiyar rani ba, ita da ƙannena mata da 'ya'yan marigayi ƙanena. Ni ina Kano ina fama da buga littafi na shida. Baba Tanko ya lura hayaƙin gidan ya ragu, ya ce amanar abokinsa, marigayi babanmu, ba za ta kwana da yunwa yana da rai ba. Shi yake fitar da dammunan gero daga rumbunsa, Sama'ila kuma shi yake ɗaurawa a babur ya shigo da su ta ƙofar baya da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. Ita ce ta roƙe su kada su faɗa mini, don kada in ji kunya. Ta ce yanzu duk sun tafi, ita ma tana hanya, in rubuta, ba ta so ta tafi da alherin mutane a ciki.

Na fito daga ɗakin na zauna a dokin ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Sama'ila. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tun daga waccan shekarar, duk bazara sai ya kira ni ya ce in zo gida da ƙafata, waya ba ta nuna cikin tukunya. Ni kuwa ina ɗauka son ganina ne kawai.

Ku duba fa. Ranar da nake ɗaga masa murya a kan sakin layi na uku, ina koya masa mene ne gaskiya, jimla ɗaya ce a bakinsa da za ta zaunar da ni har abada. Bai faɗa ba. Bai faɗa a gaban mai unguwa ba lokacin da ake neman rushe abin da ya gina, bai faɗa a shekara biyar da muka ƙara tare ba, bai faɗa a gadon jinyarsa ba da nake zaune kusa da shi. Na sha tunanin ko da ya faɗa da an tsare wa Baba Tanko mutuncinsa, kuma na san shi ma wannan ya dame shi, shi ya sa ya ɗauki laifin a kansa. Amma alkawari ya yi wa tsohuwa, kuma ya zaci abokinsa zai ji magana ba sai an fasa masa ƙwai a ka ba. A nan ne kaɗai na san ya yi kuskure, ya kyautata mini zato fiye da yadda na cancanta.

Malam Sama'ila bai bar littafi ko ɗaya da sunansa ba. In ka je kasuwa neman aikinsa za ka dawo hannu rabbana. Abin da ya bari mutane ne, tela da malamin Islamiyya da tsohon mai girman kai irina, waɗanda in sun ɗauki biro sukan tsaya su tambayi kansu wa wannan magana za ta taɓa. Ni dai na gode masa, na gode wa Baba Tanko, godiyar da ta zo a makare, ba mai jin ta a cikinsu. Abin da nake roƙa ɗaya ne: yadda suka rufa mana asiri a nan, ni da mahaifiyata, Allah ya rufa musu nasu a can.